Yadda Ake Horar da Sabon Mai Bincike a Ɗakin Gwajin Ƙwayoyin Gado

Wanda ya kammala digiri ya shigo ɗakin gwaje-gwaje yakan zo da karatu mai yawa a kansa. Ya san harufa huɗu na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, ya san cewa Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta jerinsu a shekarar 1977, kuma ya san cewa aikin karanta kundin gadon ɗan Adam, mai harufa kimanin biliyan uku, ya ɗauki masana daga 1990 zuwa 2003. Abin da bai zo da shi ba shi ne hannun da ya saba da aikin, da kuma ɗabi'ar tuhumar sakamakon da ya fito daga hannun nasa. Waɗannan biyun su ne nauyin da ke wuyan mai horarwa, kuma a ganina duk tsarin horon da bai kai mai koyo ga iya gano kuskurensa da kansa ba, to bai kammala ba, ko da an koya masa kunna kowace na'ura da ke ɗakin.

Mataki na farko shi ne a zauna da shi a ji abin da ya taɓa yi da hannunsa, domin akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya kalli ana yin gwaji a aji da wanda ya yi shi shi kaɗai. Daga nan sai a zagaya da shi ɗakin a nuna masa ƙa'idojin tsaro tare da dalilansu. A gaya masa cewa yawancin ruwan da ake fasa ƙwayoyin halitta da shi yana ɗauke da gishirin guwanidin, wanda idan ya haɗu da ruwan bilic yakan fitar da iska mai guba, saboda haka ba a zuba su a mazubi ɗaya. A nuna masa kuma cewa aiki yana tafiya ne ta hanya guda, daga wurin da ake haɗa sinadarai zuwa wurin da ake buɗe bututun da aka riga aka ninka DNA a cikinsa, kuma fifet na ɗibar ruwa ko rigar aiki ko safar hannu da ta shiga wuri na biyu ba ta komawa na farko.

Mataki na biyu shi ne fifet, wato na'urar hannu da ake ɗibar ruwa kaɗan da ita, kuma a nan ya kamata a daɗe fiye da yadda mai koyo zai so. Kusan duk aikin wannan fanni ɗibar ruwa ne daga bututu zuwa bututu, wani lokaci maikirolita ɗaya tak, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita, kuma kuskuren da aka yi a nan yana bin samfurin har zuwa ƙarshe ba tare da ya bayyana kansa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba shi tataccen ruwa da ma'auni mai auna miligiram. Tunda maikirolita ɗaya na ruwa yana da nauyin kusan miligiram ɗaya, sai ya ɗebi maikirolita 100 sau goma, yana auna kowanne yana rubutawa. Lambobin za su nuna masa ko hannunsa yana ɗibar abu ɗaya kowane lokaci, ba tare da wani ya ce masa komai ba. Mai horarwa ya tsaya kusa ya lura da abubuwan da ba a rubuta su a takarda: ko yana riƙe fifet ɗin a tsaye yayin ɗiba, ko yana nutsa bakinsa cikin ruwan fiye da kima, ko ya bambance tsayawar farko da ta biyu a maɓallin, ko yana sakin maɓallin da sauri har iska ta shiga. Bayan ruwa, sai a ba shi giliserin mai kauri da etanol mai saurin ɗiga, domin enzayim da yawa, wato sinadaran halitta da ake yanka DNA ko gina shi da su, a cikin giliserin ake ajiye su, kuma wanda bai saba da kaurinsa ba zai riƙa zuba ƙasa da abin da ake bukata. Kada a ba shi samfuri mai daraja kafin lambobinsa su daidaita.

Mataki na uku shi ne ciro DNA daga samfuri da auna shi, kuma a fara da abin da ake da shi da yawa, wanda asararsa ba za ta dami kowa ba. Tsarin da ya fi amfani shi ne mai koyo ya kalli mai horarwa ya yi sau ɗaya yana faɗin dalilin kowane motsi, sannan ya yi da kansa ana kallonsa, sannan ya yi shi kaɗai a kwatanta sakamakonsa da na ƙwararre a kan samfuri guda. A wurin aunawa, a koya masa cewa na'urar NanoDrop tana duba yadda ruwan ke shanye haske ne, kuma rabon hasken da aka shanye a tsawon zango 260 da na 280, a DNA mai tsabta, yakan kasance kusan 1.8, a RNA kuma, wato ɗan'uwan DNA mai igiya ɗaya, kusan 2.0. Amma ya san cewa wannan na'ura ba ta bambance DNA da RNA da ke gauraye, don haka takan nuna adadi fiye da gaskiya, shi ya sa ake komawa ga Qubit, mai amfani da rini da ke manne wa DNA kaɗai, kafin a shirya samfuri domin karantawa. Idan aikinsa zai shafi RNA, a ƙara masa da cewa fatar hannun mutum tana ɗauke da enzayim da ke lalata shi, kuma a digiri 80 ƙasa da sifili ake ajiye shi.

Mataki na huɗu shi ne PCR, hanyar ninka wani yanki na DNA wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Haɗa bututun ba shi da wuya, kuma cikin kwana biyu mai koyo zai haddace cewa ana raba igiyoyin DNA a kusan digiri 95, firaima, wato guntun DNA da ke nuna inda za a fara kwafi, ta manne a tsakanin 50 da 65, enzayim ɗin Taq kuma ya gina sabuwar igiya a 72. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya fahimci ƙarfin ninkawar: zagaye 30 yana iya mayar da ƙwaya ɗaya ta zama kwafi kusan biliyan ɗaya, wanda ke nufin ɗigon da ido ba ya gani daga gwajin jiya ya isa ya ba da sakamakon ƙarya a gwajin yau. Saboda haka ba a yarda ya gudanar da gwaji ko ɗaya ba tare da bututun shaida guda biyu ba, ɗaya mai ruwa zalla a madadin DNA, ɗaya kuma mai DNA da aka tabbatar yana aiki. Idan layi ya fito daga bututun ruwa zalla a kan jel, wato faifan da yankunan DNA ke bayyana a kansa layi-layi, to gwajin gaba ɗaya ya ɓaci, komai kyawun sauran layukan. A nan ne kuma ake gaya masa cewa etanol yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya lalata DNA, don haka da bilic ake goge teburi.

Ranar da gwajinsa ya ƙi fitowa ita ce ranar da horo na gaskiya ke farawa, kuma kuskuren da masu horarwa suka fi yi shi ne su karɓi jel ɗin su faɗi amsa nan take. Abin da ya dace shi ne a tambaye shi: me bututun shaida suka nuna? Idan mai DNA tabbatacce ma bai fito ba, ina matsalar take, a samfurin ko a sinadaran? Wane abu ɗaya zai canza a gwaji na gaba? A dage a kan kalmar ɗaya, domin wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko gwajin ya yi kyau, bai san abin da ya gyara shi ba. Wannan hanya tana cin lokaci da haƙuri, amma ita ce take haifar da mai bincike.

Shirya samfuri domin na'urar karantawa, ko ta Illumina mai karanta gajerun yankuna ko ta Oxford Nanopore mai karanta dogaye, shi ne mataki na biyar, kuma wanda ya ƙware a matakan baya ba zai sha wahala a nan ba, sai dai a kula da shi wajen wanke DNA da ƙwayoyin maganaɗisu, kada ya bar su su bushe har su tsage, kada kuma ya bar ragowar etanol. Bai kamata aikinsa ya tsaya a bakin na'ura ba. Ya buɗe bayanan da suka fito da manhajar FastQC, ya san cewa makin inganci na Q30 yana nufin yiwuwar kuskure ɗaya cikin harufa 1,000, Q20 kuma ɗaya cikin 100, domin ya ga da idonsa yadda abin da ya yi a teburi ya bayyana a kwamfuta.

Rubuta aiki kuwa ba ya jiran wani mataki, daga ranar farko ake fara shi. Kowane bututu ya samu suna da kwanan wata da alamar mai shi, littafin aiki kuma ya ƙunshi lambar rukunin kowane sinadari da duk wani sauyi da aka yi wa tsarin, har da kuskure. A ja hankalinsa ga tarkon manhajar Excel, wadda takan mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su MARCH1 da SEPT2 zuwa kwanan wata, matsalar da ta kai ga sauya waɗannan sunaye a hukumance. Idan samfuran na mutane ne, ya san iyakar abin da masu su suka amince a yi da su, kuma lamba ake rubutawa a bututu, ba sunan mutum ba.

Duk wannan yana bukatar zama na musamman tsakanin mai horarwa da mai koyo, sau ɗaya a mako, a lokacin da ba a ɗagawa saboda wani aiki. A wannan zama ake duba littafin, ake tattauna wata maƙala, ake kuma magana tun da wuri a kan sunan wa zai fito a rubutun da za a wallafa da matsayin da zai fito, domin jinkirta wannan magana yana haifar da ɓacin rai da ke daɗewa. Yadda mai horarwa ya karɓi labarin kuskure na farko shi ne zai yanke ko za a kawo masa na biyu. Wanda aka ci masa fuska a gaban abokan aiki saboda ya musanya bututu biyu zai ɓoye musanyar gaba, kuma samfurin da aka musanya aka yi shiru ya fi wanda ya zube haɗari nesa ba kusa ba, tunda zai shiga cikin sakamako a matsayin gaskiya.

Ana sakar masa aiki shi kaɗai ne idan ya maimaita gwaji ɗaya sau uku a ranaku daban-daban ya samu sakamako iri ɗaya, bututun shaidarsa suka fito yadda ake tsammani, kuma wani abokin aiki ya iya bin littafinsa ya maimaita gwajin ba tare da ya tambaye shi komai ba. Daga nan sai a ba shi ƙaramin aiki nasa na kansa, a kuma ɗora masa koya wa sabon shigowa riƙon fifet, mai horarwa yana gefe yana saurare.