Ziyarar gidan tarihi na Barnes Road: fara da duwatsu

Daga Nima ko Mamobi, hau trotro mai shiga cikin Accra, ka ce wa yaron mota ya sauke ka wajen Adabraka. Gidan tarihin ƙasar Ghana yana kan Barnes Road. An buɗe shi ranar 5 ga Maris 1957, ana gobe samun 'yancin kai, kuma bayan doguwar gyara aka sake buɗe shi a 2022. Riƙe Ghana Card ɗinka, don kuɗin shigar ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba. Ka je da hantsi, kafin 'yan makaranta su cika wurin.

Yawancin mutane wajen saƙar kente da kujerun sarauta suke rugawa. Ni dai shawarata, fara da duwatsu. Nemi gatarin aradu, wanda tsofaffi ke cewa tsawa ce ke jefo shi. Matsa kusa da gilashin ka dubi bakinsa, sumul, ko kaushi babu. Hannun mutum ne ya zauna ya yi ta goga shi a kan wani dutse. Da irinsa mutanen yankin Kintampo, a tsakiyar Ghana, ke sare daji sama da shekara 3,000 da suka wuce, suna noman wake, suna kiwon awaki. Sun kuma bar wasu 'yan abubuwa masu zane-zane da Turawa ke kamantawa da sigari, har yau masana ba su daidaita kan amfaninsu ba.

Sai ka tambayi jagora mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Koma da ke arewacin Ghana, irin waɗanda Farfesa James Anquandah ya tono a Yikpabongo a 1985. Wani kai ɗaya ne da fuska biyu. Wasu an huda su ta hanci ko tsakar ka, ana kyautata zaton ta nan ake zuba musu ruwan tsafi. Kada ka tsargu, malam, kallo ka je yi.

Kar ka fita ba ka yi tambaya kan Begho ba, tsohuwar kasuwar zinariya da goro wadda fatake Musulmi ke da unguwarsu a ciki, Kramo. Ɗan zango zai gane wannan labarin.

Hoto kuwa, nemi izini tukuna. In abin ya shiga ranka, sashen binciken kayan tarihi na jami'ar Legon ma yana da nasa ƙaramin gidan, amma ranar aiki za ka je.