Kafin ka kwance wa karenka igiya

'Yan uwa masu karnukan aiki, na kiwo ne, na gadi ko na farauta, kar ka saki kare a fili sai ka tabbata kira ɗaya zai juyo da shi, ko da zomo ne ya gifta ta gabansa. Ni da doguwar igiya mai mita 10 na fara, na bar ta tana jan ƙasa, in ya yi kunnen ƙashi sai na taka ta. Da ya dawo, ɗan nama na jiransa a hannuna. Kuma kar ka kira shi don ka dake shi, gobe ba zai zo ba.

In ka hango wani kare a ɗaure, ɗaure naka tun daga nesa. Mai shi yana da dalilinsa, wataƙila ciwo, wataƙila tsoro, ko karya ce a lokacin barbara. "Nawa ba ya cizo" ba hujja ba ce.

Wajen haɗuwa kuwa, nan ake tafka kuskure. Karnukan da ke nufin zaman lafiya ta gefe suke zagayowa, jiki a sake, su shinshina bayan juna. Ƙirga uku, kira naka, ku wuce. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. In ka ga wutsiyar ta miƙe sama ƙyam, jiki ya sandare, gashin gadon baya ya tashi, sun kafe juna da ido, to janye shi a hankali, ban da fizgar igiya, don ƙara tunzura shi take yi.

In faɗa ya kaure, kar ka kai hannu wuyansa. Tabon da ke babban yatsana, karena ne ya yi min.