Yadda matafiyi daga Nijeriya zai biya kuɗi da sefa a Jamhuriyar Nijar

Wanda zai ƙetara daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ya bi ta Kongolam ya nufi Damagaram, zai tarar da harshe ɗaya da abinci kusan iri ɗaya, amma lissafin kuɗi daban yake, kuma a nan ne baƙo ya fi yin asara. Kuɗin Nijar shi ne sefa ta Afirka ta Yamma, wadda babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ke bugawa domin ƙasashe takwas, ciki har da Benin, Togo, Mali da Burkina Faso. Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta sauya wannan ba, har yanzu da sefa ake ciniki.

Tun kafin a nemi 'yan canji, ya kamata a koyi ƙidayar kasuwa, domin mutanen Nijar da dala suke lissafi, ba dalar Amurka ba, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce "ashirin", dala ashirin yake nufi, wato sefa 100. "Hamsin" sefa 250 ce, "ɗari" kuma sefa 500. Sefa 1,000 ita ake kira jika, saboda haka takardar 5,000 jika biyar ce, ta 10,000 kuma jika goma. Duk adadin da aka faɗa da baki a ninka shi sau biyar, in ba an ambaci jika ba. Abin da aka rubuta a jikin kaya ko a rasit kuwa da ainihin adadin sefa ake rubuta shi, ba a ninka shi. Wanda ya riƙe wannan bambanci ba zai biya ninki biyar ba, ba kuma zai tsaya yana gardama da ɗan kabu-kabu a kan kuɗin da tun farko ba a fahimci juna a kansa ba. Idan cinikin mai nauyi ne, babu laifi a roƙi mai kaya ya rubuta adadin a waya ko a takarda.

Game da canji, sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 tana hawa tana sauka. Saboda haka farashin da wani ya ba ka labari watan jiya ba abin dogaro ba ne. 'Yan canji kan faɗi nairar da za a biya a kan jika ɗaya, kuma da wannan ma'auni ya kamata a kwatanta farashin mutum biyu ko uku kafin a miƙa kuɗi. Ana samun sefa a Wapa da ke Fagge a Kano, ana kuma samunta a garuruwan iyaka. A ganina ya fi dacewa a canza abin da zai isa kuɗin mota da abinci tun daga gida, sauran kuma a canza a can cikin gari, inda mutum ke da natsuwar ƙirgawa, ba a tasha ana kiran fasinja ba. A kasuwannin iyaka ana karɓar naira, sai dai mai kaya ne zai yanke farashin canjin, kuma da wuya ya yanke shi yadda zai cutu.

Lokacin karɓar kuɗin a duba kowace takarda. Wadda ta yage ko ta tsufa ƙwarai ana yawan ƙin karɓarta. A kuma tabbatar da sunan BCEAO a jikinta, domin sefar Kamaru da Chadi, wadda bankin BEAC ke bugawa, darajarta ɗaya da ta Nijar amma ba a ciniki da ita a can. A nemi ƙananan takardu na 500, 1,000 da 2,000 tare da tsaba, saboda ƙarancin canji matsala ce ta kullum, kuma wanda ya miƙa jika goma don sayen ruwa zai daɗe a tsaye.

Katin banki bai kamata ya zama madogara ba. Akwai na'urorin cire kuɗi a Yamai, Maraɗi da Damagaram, amma amfani da katin naira a ƙetare ya danganta da ƙa'idar bankinka da iyakar da ya sanya, don haka a tambaya kafin tafiya. Tura kuɗi ta waya kamar yadda aka saba a Nijeriya ba zai yi aiki ga mai shago a Nijar ba sai in yana da asusun naira, wanda wasu 'yan kasuwar iyaka ke da shi. A cikin ƙasar, jama'a sun fi aikawa da kuɗi ta kamfanoni irin su Nita, Amana da Al Izza, waɗanda ke da rassa har a ƙananan garuruwa, kuma ana buƙatar katin shaida wajen karɓa. Mai ɗauke da kuɗin saye da yawa zai iya aika su da sunansa zuwa garin da ya nufa, ya karɓa idan ya isa.

Wanda ke ɗauke da abin da ya haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinta, wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastam na Nijeriya. A hanyar dawowa kuma a kashe tsabar da ta rage kafin a ƙetaro, domin 'yan canji takardu suka fi so su saya.