Kurakuran da masu kallo ke yi wa fim ɗin The Hitchhiker's Guide to the Galaxy

A watan Afrilu na 2005 aka saki wannan fim, wanda Garth Jennings ya ba da umarni, aka ɗauko labarinsa daga littattafan barkwanci na Douglas Adams, kuma a makonsa na farko shi ne kan gaba a sinimomin Amurka. Ya tara abin da ya ɗan haura dala miliyan 100 a duniya, kuɗin da bai kai a sake zuba jari a yi na biyu ba. Amma har gobe akwai mutanen da suka riƙe shi hannu bibbiyu, suna haddace maganganunsa. A gefe guda kuma akwai waɗanda suka kalli rabin awa suka kashe, suka ce shirme ne. Yawancin waɗannan na biyun ta ƙofar da ba ita ba suka shiga.

Labarin a taƙaice: wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Dent ya tashi da safe ya tarar da katafila a ƙofar gidansa, za a yi masa rusau domin a fitar da hanya. Kafin ya gama rigima da ma'aikatan, sai ga wasu baƙin halittu da ake kira Vogon sun zo rushe duniyar baki ɗaya, su ma domin fitar da hanya a sararin samaniya. Abokinsa Ford Prefect, wanda ashe ba ɗan duniyar nan ba ne, ya tsere da shi, daga shi sai rigar barci da tawul.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zama kallon fim ɗin da tsammanin yaƙin kumbuna, harbe-harbe da jarumin da zai ceci duniya. Ai duniyar ma tun a mintocin farko aka gama da ita. Wanda ke jiran babban mugu mai dariyar ƙeta zai yi ta jira, domin mugun wannan labari akawu ne. Vogon ba ƙiyayya ce ta kawo su ba, takarda ce ta ce a rushe, kuma an sa mata hannu. Da mutanen duniya suka ɗauki kuka, shugabansu cewa ya yi ai shekara hamsin ke nan da aka liƙa sanarwar a ofishin tsare-tsare da ke Alpha Centauri, tafiyar shekara huɗu kacal da gudun haske, in ba ku je kun duba ba laifin wa? Maganar da ma'aikacin ƙaramar hukuma ya gama faɗa wa Arthur ke nan a kan gidansa, ba a canja komai ba sai girman katafilar.

Da zarar ka gane haka, fim ɗin zai buɗe maka. Lura da cewa Vogon ba sa bin wanda ya tsere musu sai an cike fom ɗin izinin bi. A lokacin da suke shirin far wa jaruman, usur ɗin cin abincin rana ya kaɗa, kowa ya ajiye aiki ya tafi. Wurin da Arthur ya nuna jarumtarsa mafi girma kuwa layi ne: ya shiga ofis ceto Trillian, 'yar duniya abokiyar tafiyarsu da Vogon suka kama, ya ce shi ɗan Birtaniya ne, ya iya bin layi, ya cike fom, aka ce masa ba wannan fom ɗin ba ne. A duniyar tasu akwai wani abu mai kama da faifai da ke fitowa daga ƙasa ya mari fuskar duk wanda wata dabara ta faɗo masa. Duk wanda ya taɓa kai takarda ofis aka ce oga bai zo ba, a dawo gobe, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan. Hatta umarnin rushe duniyar, shugaban taurarin ne, Zaphod Beeblebrox, ya sa masa hannu bai karanta ba, a zatonsa wani masoyi ne ke neman sa hannunsa don tunawa.

Kuskure na biyu da ke bin wannan shi ne gaggawa. Lokaci zuwa lokaci labarin yakan tsaya cak, zane ya bayyana a allo, muryar Stephen Fry ta shiga bayanin wani abu da kamar bai shafi komai ba: wani ɗan kifi da ake sa wa a kunne ya riƙa fassara kowane harshe, ko matsayin waƙar Vogon, wadda ita ce ta uku wajen muni a duk faɗin halitta. Masu kallo a waya sukan ja gaba a nan, su ce a koma labari. To nan ne naman yake. Labarin igiyar shanya ce kawai, waɗannan ratsen su ne kayan da aka shanya. Misali mafi kyau shi ne inda makamai biyu masu linzami suka rikiɗe, ɗaya ya zama ƙaton kifin wel, ɗaya tukunyar furanni, suna faɗowa daga sama. Kifin, da muryar Bill Bailey, yana ta murnar sanin kansa, yana raɗa wa wutsiyarsa da iska suna, har ya hango ƙasa tana tahowa ya fara fatan za su yi abota. Tukunyar furen kuwa abin da ta ce kawai shi ne, kash, an kuma. Fim ɗin bai faɗi dalili ba, sai a littafi na uku ake sanin abin da ya sa. Gyaran nan mai sauƙi ne: kunna rubutun ƙasan allo ko da kana jin Turanci, domin barkwancin a cikin jimla yake, sau da yawa a kalmarta ta ƙarshe, kuma ana faɗinsa fuska a murtuke. Fim ɗin minti 109 ne, ba shi da tsawon da za a ce sai an tsallake.

Sai kuskuren masu karatu, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya. Su ne masu cewa an ɓata littafin, an kauce wa asali. Tambayar ita ce, wane asalin? Littafin Douglas Adams ya fito a 1979, amma labarin a rediyo aka haife shi: wasan kwaikwayo ne da tashar BBC Radio 4 ta fara watsawa ranar 8 ga Maris, 1978. Daga rediyo ya koma littafi, a 1981 ya zama shirin talabijin mai kashi shida, a 1984 ya zama wasan kwamfuta na kamfanin Infocom. A kowane zango Adams da kansa yakan sauya abubuwa, ya jujjuya tsari, ya saɓa wa abin da ya rubuta a baya ba tare da ya damu ba. Wannan asali na rediyo shi ya sa mai ba da labari ke da ƙarfi haka a fim ɗin, abin da mu da muka tashi da rediyo a kunne bai kamata ya zame mana baƙo ba.

Abin da masu ƙorafin suka fi nunawa da yatsa shi ne Humma Kavula, wanda John Malkovich ya fito a matsayinsa, don babu shi a littafi. Ai kuwa Adams ne ya ƙirƙire shi musamman domin fim. Ya shafe kusan shekara ashirin yana fafutukar ganin an yi fim ɗin, har ya koma California da zama a 1999 saboda shi, ya rasu a can ranar 11 ga Mayu, 2001, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 49. Karey Kirkpatrick ne ya ƙarasa rubutun daga abin da ya bari, shi ya sa sunayensu biyu ke jiki.

Wannan ba ya nufin a wanke fim ɗin tas, domin kare shi ido rufe shi ma kuskure ne. A littafi, da aka ce wa Arthur ai wata tara ke nan da aka baje takardun rusau ga jama'a, sai ya lissafo inda ya same su: a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba fitila, ba matakala, a ƙasan kabad ɗin da aka kulle, cikin banɗakin da aka daina amfani da shi, an kuma rubuta a ƙofar a yi hattara da damisa. Fim ɗin ya yanke wannan duka ya bar guntu ɗaya, alhali daɗin a hawa-hawan yake. Soyayyar Arthur da Trillian, wadda littafin bai ba ta wani muhimmanci ba, an hura ta har ta zama ginshiƙi, kuma a ganina ita ce wuri mafi rauni. Shi kansa Humma Kavula, ya karɓe ɗaya daga kawunan Zaphod guda biyu a matsayin jingina, ya aike su nemo wata bindiga, aka tashi fim ba a koma wurinsa ba. Inda fim ɗin ya yi zarra shi ne abin da ido ke gani. Vogon ba zanen kwamfuta ba ne, kamfanin Jim Henson ne ya ƙera su da mutane a ciki, shi ya sa suke da nauyi da ƙazanta irin ta gaske. Marvin, mutum-mutumin da baƙin ciki ya yi wa katutu, Warwick Davis ne a cikin rigar, Alan Rickman ya yi muryar. Haka wurin da Bill Nighy ya zagaya da Arthur masana'antar ƙera duniyoyi ta Magrathea, wannan ba abin da rediyo zai iya ba ne.

Yanzu batun 42. Wasu halittu sun gina kwamfuta mai suna Deep Thought, suka tambaye ta amsar rayuwa da halitta da komai. Ta yi shekara miliyan bakwai da rabi tana lissafi, ta ce 42. Tun daga nan mutane ke haƙilon tono sirrin lambar. Wasu sun lura cewa a littafi na biyu tambayar da ta fito ita ce shida sau tara, wanda 54 ne, amma in aka yi ƙirga da tushe 13, wato sha uku-sha uku maimakon goma-goma, sai ya ba da 42. Adams ya ce shi ba ya rubuta barkwanci da tushe 13. A 1993 ya bayyana cewa wasa ne: yana son ƙaramar lamba marar wani armashi, ya zauna yana kallon lambu, ya ga 42 ta yi. Wanda ya tsaya a kan lambar ya bar jaki yana dukan taiki. Abin dariyar shi ne abin da kwamfutar ta faɗa bayan nan, cewa ai ku ba ku san tambayar ba. Don a gano tambayar aka gina wata kwamfutar da ta fi ta, wato duniyarmu, bisa odar halittun nan da ke bayyana a siffar ɓeraye, aka ɗibar mata shekara miliyan goma, Vogon suka rushe ta saura minti biyar ta gama.

A nan ya kamata a faɗi abin da wasu masu tallar fim ɗin ke ɓoyewa. Adams mutum ne da ya fito fili ya ce bai yarda da samuwar Allah ba, kuma hakan yana leƙowa a aikinsa. Humma Kavula limamin wani addini ne da mabiyansa suka yi imani cewa atishawar wata halitta ce ta samar da komai, duniya kuma a labarin 'yan kwangila ne suka ƙera ta. Kuskure ne ka tara yara ka kunna musu a zaton dolfin masu waƙa da aka buɗe fim ɗin da su sun nuna na yara ne, ba ka fara kalla kai kaɗai ba. Wanda ya san irin wannan zolaya ba za ta yi masa daɗi ba, gara ya sani tun kafin ya sauke.

Akwai ƙananan abubuwa da ake yawan kuskurewa. Ford Prefect sunan wata mota ce da kamfanin Ford ya yi a Ingila daga 1938 zuwa 1961. Baƙon ya zaci motoci ne masu mulkin duniya, shi ya sa aka nuna shi a tsakiyar titi yana miƙa wa mota hannu su gaisa. Littattafan Adams biyar ne, na ƙarshe a 1992, duk da ana yi musu laƙabin masu kashi uku don zolaya. Na shida, na 2009, Eoin Colfer ne ya rubuta. Ranar Tawul da masoya ke yi, 25 ga Mayu ce, mako biyu bayan ranar rasuwarsa, ba ranar haihuwarsa ba. Hoton mutumin da ya bayyana yana yi musu gargaɗi a duniyar Magrathea kuwa Simon Jones ne, wanda ya fito a Arthur a rediyo da talabijin, kuma tsohon Marvin na 1981 yana nan tsaye a layin ofishin Vogon.

Kada ka kashe da zarar sunaye sun fara hawa. A tsakiyarsu mai ba da labari yana dawowa da labarin wata rundunar yaƙi da ta yi tafiyar dubban shekaru domin ta afka wa duniya, amma saboda kuskuren auna girma, wani ɗan kare ya haɗiye ta gaba ɗaya. In fim ɗin ya yi maka, nemi wasan rediyon 1978 ka saurara kafin littafin, sannan ka wuce littafi na biyu na 1980, wanda ya ɗora daga gidan cin abincin da jaruman suka nufa a ƙarshen fim.