Yadda ake gyara tsohuwar mujallar Publisher ko InDesign da Scribus da LibreOffice

Yawancin masu haɗa mujallar makaranta ko ta ƙungiya gadon aikin suka yi. Wanda ya saba yi ya samu canjin wurin aiki, ya bar filashi ɗauke da fayil mai ƙarewa da .pub (na manhajar Publisher) ko .indd (na InDesign), aka ce da kai ga shi nan, ka sauya labarai ka fitar da ta wannan zangon. Kai kuma babu Publisher a kwamfutarka, kuɗin InDesign da dala ake biya duk wata, kwafin sata na kasuwa kuwa yakan zo da ƙwayar cuta. Ga shi kamfanin Microsoft ya sanya watan Oktoba na 2026 a matsayin ƙarshen Publisher, manhajar da ke kasuwa tun 1991.

Akwai manhajoji biyu na kyauta, buɗaɗɗu, da za su fishshe ka: Scribus da LibreOffice. Amma ka san wani abu tun yanzu, domin a nan na ga mutane da yawa sun ɓata makonni: dukansu biyu suna iya buɗe tsohon fayil na .pub, amma babu wadda za ta mayar maka da shi .pub ko .indd. Saboda haka tashi za ka yi daga gidan haya, ka kwashe kayanka ka koma naka. Sau ɗaya ake buɗe tsohon fayil, a kwashe abin da ke ciki, a gina sabo.

Mataki na 1: Ka roƙi abin da ya kamata kafin mai fayil ya yi nisa

Idan har wanda ya yi aikin yana ɗaukar waya, ko akwai wata kwamfuta a ofis da tsohuwar manhajar ke kai, ka nemi abubuwa uku: PDF na fitowa ta ƙarshe, ainihin hotuna da tambarin ƙungiya, da samfuran haruffan (fonts) da aka yi amfani da su. PDF ɗin ba don gyara ba ne. Shi ne shaidarka ta yadda shafi yake kafin a taɓa shi.

Mai fayil ɗin InDesign kuma sai ya ƙara da na huɗu. Scribus ba ya buɗe .indd ko kaɗan, kada ka wahalar da kanka. Abin da yake karantawa shi ne IDML, tsarin da Adobe ya shigo da shi a InDesign CS4 a 2008. Ka ce a yi maka File, sannan Package, a sa alama a wurin IDML. Wannan zai tara fayil da hotuna a folda guda. In IDML tsura aka turo maka ta WhatsApp, akwatunan hoto za su buɗe wayam, domin galibi adireshin hoton ne kawai ke cikin fayil.

Mataki na 2: Sauke manhaja, amma ka duba lamba

Ka ɗauki Scribus 1.6, wanda ya fito a farkon 2024, ko wanda ya biyo bayansa. Har yanzu akwai masu yawo da 1.4 a filashi, shi kuwa bai san .pub ba, bai san IDML ba. Kuma fayil ɗin da ka adana da 1.6 ba zai buɗu a 1.4 ba, don haka in ku biyu ne ke aikin, ku daidaita lamba. Idan ya yi maka ƙorafin rashin Ghostscript (wata manhaja da yake jingina da ita a wasu ayyuka) a buɗewar farko, kada ka tsorata, aikinka zai tafi, daga baya ka ɗora shi.

LibreOffice ya fi cin data, gara ka nemi wurin da ake da intanet na ofis ka sauke sau ɗaya. Sashensa na zane, wato Draw, yana buɗe .pub tun fitowa ta 4.0 a 2013. Yana kuma buɗe .cdr na CorelDRAW, wanda shi ne abin da za ka fi tararwa a shagunan ɗab'i na Kano da Kaduna. Sai dai masu Corel sun saba mayar da rubutu zane kafin su kai maɗaba'a, abin da suke kira convert to curves. In irin wannan kwafin ne ya zo hannunka, babu rubutun da za ka gyara, sai ka nemi na asali ko ka sake bugawa da hannu.

Mataki na 3: Buɗe kwafi, ba na asali ba

Yi kwafin fayil, ka buɗe .pub ɗin a Draw, ka sake buɗe shi a Scribus. Dukansu da injin fassara ɗaya suke aiki, mai suna libmspub, amma sakamakon yakan bambanta, wani lokaci wannan ya fi kyau, wani lokaci wancan. Ka ajiye PDF ɗinka a gefe kana gwadawa shafi da shafi. Rubutun ado na kanun labari yakan lalace, inuwa takan ɓace, labarin da ya tsallaka daga shafi na 2 zuwa na 5 yakan cunkushe a akwati ɗaya. Kada ka fara ja da linzami kana daidaitawa. Kallo kawai kake yi a yanzu.

In gyaran bai wuce sauya kwanan wata da suna ɗaya ba, kuma mujallar ba za ta sake fitowa ba, to ka gyara a Draw ka fitar da PDF, shi ke nan, ka huta. Sauran bayanin na mai fitarwa a kai a kai ne.

Mataki na 4: Haruffa. A nan ake faɗuwa

Da ka buɗe fayil a Scribus, wani ɗan akwati zai fito yana cewa babu samfurin haruffa kaza a kwamfutarka, da wanne zan musanya? Kusan duk sabon shiga da na zauna kusa da shi danna OK yake yi ba tare da ya karanta ba. Wasu har su sa alamar da ke mayar da musanyar ta dindindin. Daga nan matsala ta fara, kuma ba za ta nuna kanta ba sai an kai ga bugu.

Dalili shi ne kowane samfuri da faɗin haruffansa. Labarin da ya cika akwati daidai da Calibri, in aka musanya da wani mai ɗan faɗi, layi biyu ko uku na ƙarshe za su zube waje. Ba gogewa suke ba, ɓuya suke yi. Scribus yana sa wata 'yar alama, ƙaramin murabba'i mai gicciye a ciki, a kusurwar ƙasa ta dama ta akwatin. Ƙarama ce ƙwarai, mai sauri ba ya ganinta. Na taɓa riƙe mujallar wata makaranta da jawabin shugaba ya tsaya a kan "muna kuma miƙa godiya ga", babu sunan wanda ake gode wa, kuma an riga an raba wa iyaye.

Ga yadda ake yi. Da farko ka gano sunayen samfuran: buɗe PDF ɗin nan, ka shiga Properties, ka duba Fonts. Mai IDML na iya sauya ƙarshen sunan kwafinsa zuwa .zip, domin a haƙiƙa zip ne, ya buɗe foldar Resources, zai ga Fonts.xml da jerin duka. Sannan ka nemi waɗanda aka ƙera da faɗi ɗaya da na kuɗi: Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial, Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria. Ka ɗora su tukuna, ka rufe Scribus ka sake buɗewa, don a lokacin tashi yake ƙirga samfuran da ke kwamfuta.

Mai mujallar Hausa yana da ƙarin aiki, kuma shi ne mafi cin rai. Kafin Unicode, tsarin bai ɗaya na rubuta haruffan harsuna a kwamfuta, ya wadata, an yi samfuran Hausa na musamman da suka ɗora haruffa masu ƙugiya a kan wasu maɓallai. A wani tsarin, q ne ke fitowa a matsayin ƙ, x a matsayin ɗ, v a matsayin ɓ. A wani kuma alamomin baka ne: } da ] da ~. Muddin samfurin na kan kwamfuta, komai lafiya lau. Ranar da babu shi, sai ka ga "qungiyar xalibai" ko "}ungiyar ]alibai" sun cika shafi. Wasu suna neman tsohon samfurin su ɗora, su ci gaba. Ni ban yarda da wannan ba. Rubutun zai zauna a gurguje har abada, ba a iya bincike a cikinsa, kuma duk wanda ka tura wa sai ya sake ganin q da x.

Gyaran a Writer ake yinsa, sashen rubutu na LibreOffice, ba a Scribus ba, saboda neman kalma da musanyawa sun fi sauƙi a can. Kwafo kowane labari zuwa fayil nasa. Shiga Find and Replace, ka kunna Match case, ka yi ƙananan haruffa daban, manya daban: q zuwa ƙ, Q zuwa Ƙ, haka har ka gama. Alamomin baka kana iya musanya su gaba ɗaya. Amma v da x, kada ka kuskura ka danna Replace All in akwai Turanci ko sunayen mutane a ciki. Victoria za ta koma Ɓictoria, Felix ya koma Feliɗ, TV ta koma TƁ. Ɗaya bayan ɗaya ake bi. Yana da gajiyarwa, amma sau ɗaya ne.

Bayan haka sai ka tabbata samfurin da ka zaɓa yana da ƙugiyoyin. Writer yana da wata al'ada mai yaudara: in samfuri ba shi da ɗ, sai ya aro daga wani a ɓoye, ka ga kamar komai daidai. Scribus ba ya yi maka wannan rufin asirin, gurbi ko akwati zai bari. Don haka gwaji na farko a kowane samfuri shi ne ka rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a cikin Scribus, ka gwada da mai kauri, ka gwada da mai karkata, don akwai samfuran da ke da su a siriri amma babu a kauri. Charis SIL da Gentium da Andika da Noto duk suna da su, duk kuma kyauta ne. Ni Charis nake sa wa jikin labari, ba na sauyawa. Masu rubutu da ƙa'idar Nijar su kula da ƴ musamman, ita ce aka fi mantawa. Na Najeriya kuma su kula da alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, Writer yakan juya ta ta koma alamar buɗe zance.

Idan akwai aya ko addu'a da Larabci, Scribus ya iya rubutu daga dama zuwa hagu tun 1.5.3, amma ka sake bugawa ko ka kwafo daga tushe mai kyau, kada ka dogara da abin da ya fito daga tsohon fayil. Ka kuma ba wani mai karatu ya duba wasulla.

Mataki na 5: Gina ƙwarangwal naka

Buɗe sabon fayil. Auna gefuna da faɗin ginshiƙan rubutu daga tsohuwar mujallar da ke hannunka, da rula ma ya isa. Zaɓi Facing Pages, ka sa rarar milimita 3 a wurin Bleeds in akwai hoto ko launi da zai kai bakin takarda. A Master Pages ka ajiye abin da ba ya sauyawa: sunan mujalla, lambar shafi, layin ado. A Styles ka yi salo huɗu ko biyar kawai: kanun labari, sunan marubuci, jikin labari, bayanin hoto. Wanda ke zaɓar kowane kanu da hannu yana ƙara masa girma, shi ne wanda shafinsa na 3 ba ya kama da na 7.

Adana wannan a matsayin .sla, tsarin Scribus, ka riƙa yin kwafinsa duk fitowa. Labarai kuma ka shigo da su ta Get Text daga fayilolin Writer. In labari ya fi akwati, zana wani, ka haɗa su da Link Text Frames, ka bi har sai gicciyen nan ya ɓace.

Mataki na 6: Hotuna da fitarwa

A al'ada Scribus ba ya haɗiye hoto, nuni yake yi zuwa inda yake. Ka sa komai a folda ɗaya tun farko, kada ka sauya wa hoto suna daga baya. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ka ce a turo shi a matsayin fayil. Dige 300 a kowane inci ake so don bugu.

Kafin fitarwa ka kunna Preflight Verifier. Shi zai lissafa maka rubutun da ya zube, harafin da babu, da hoton da ya yi rauni. Kada ka danna Ignore Errors. Wajen PDF ka tabbata an cusa samfuran haruffa a ciki, ka tambayi maɗaba'a wane nau'in PDF na ɗab'i suke so, PDF/X-1a ko PDF/X-4, Scribus na yin duka. In a waya kawai za a raba, zaɓi Screen / Web ka rage nauyin hotuna, masu karatu da datarsu suke saukewa.

Mujallar da za a ninke a ɗinke a tsakiya, shafukanta su zama 4, 8, 12 ko 16. Scribus ba ya jera shafuka don ninki, ka ba mai ɗab'i shafuka ɗai-ɗai a jere, shi zai haɗa. Daga ƙarshe ka yi Collect for Output, ka sa alamar haɗawa da samfuran haruffa, ka ajiye foldar a wuri biyu tare da PDF ɗin wannan fitowar.