Kurakuran da aka fi yi wajen auna masu tsara wasa a ƙwallon kwando

A majalisun matasan Katsina da ke raba dare suna kallon gasar NBA ta Amurka, musu kan wanda ya fi kowa iya tsara wasa, wato raba wa abokai ƙwallo su ci, yakan mutu ne da zarar wani ya zaro waya ya karanto alƙaluma, sai ka ce alƙali ne ya yanke hukunci. Alƙaluman suna da amfani, amma akwai inda suke ɓatar da mai karanta su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da jimilla. John Stockton ya ba da ƙwallon da aka ci sau 15,806 cikin shekara 19 a Utah Jazz, yayin da Magic Johnson ya tsaya a 10,141, saboda rashin lafiya ta katse masa wasa a 1991 yana kan ganiyarsa. Idan aka raba da yawan wasannin da kowa ya buga, Magic yana da 11.2 a kowane wasa, Stockton kuma 10.5. Jimilla tana nuna daɗewa da juriya, don haka a riƙa haɗa ta da matsakaici.

Matsakaicin ma ba ya wadatarwa, kuma a nan ne nake ganin aka fi yin sakaci. Ba a rubuta wa mai tsara wasa komai sai abokinsa ya jefa ƙwallo ta shiga, wato wanda ya miƙa ta yadda ya kamata ga mai ɓarar da dama zai tashi hannu rabbana, alhali Stockton ya shekara 18 yana miƙa wa Karl Malone, gwanin jefa ƙwallo a kwando. Sannan mutum ne zaune a bakin fili yake yanke ko miƙawar ce ta jawo cin, kuma ba duka masu rubutun ne hannunsu ɗaya ba. Stephen Curry, wanda ya jefa ƙwallo mai maki uku sau 402 a kakar 2015-16, yakan janye masu tsaro biyu su bi shi har wajen da'irar maki uku, abokinsa ya samu fili ya ci, amma takardar sakamako ba ta ambaci Curry ba. Maganin wannan shi ne a koma ga bidiyon wasan a tambaya: wa ya buɗe hanyar?

Sai gwama zamani da zamani. Oscar Robertson a 1961-62 da Russell Westbrook a 2016-17 duk matsakaicinsu na kowane wasa ya haura goma a maki da ƙwace ƙwallon da ta dawo daga kwando da bayarwa, amma a zamanin Robertson ana kai hari fiye da na zamanin Westbrook nesa ba kusa ba, babu kuma layin maki uku, wanda sai a 1979 aka shigo da shi. A 2004 an tsananta hana mai tsaro dafa ɗan wasa da hannu, abin da ya sauƙaƙa wa masu kutsawa. Gyaran shi ne a lissafa abin da ɗan wasa ya yi a kowane hari ɗari, a kuma auna shi da tsararrakinsa.

Game da tsaro, yawan satar ƙwallo ba hujja ba ce, domin mai yawan kai wawura yakan bar gurbinsa a buɗe, kuma NBA ba ta fara ƙirga ta ba sai a kakar 1973-74. Abin dubawa shi ne makin da abokan hamayya ke ci yana cikin fili da wanda suke ci yana benci.