Yadda Ake Zaɓen Murhun Jin Ɗumi a Sabon Gida

Wanda yake gini a wuri mai sanyi irin Jos ko tsaunin Mambila, in yana son murhun itace na jin ɗumi a falo, ya yanke shawara tun kafin a haƙa fandisho. Murhun da aka gina da bulo tare da bututun hayaƙinsa nauyi gare shi sosai, daɓen falo ba zai ɗauke shi ba. Sai an zuba masa nasa kankaren daban, mai kaurin santimita 30, wanda ya zarce jikin murhun da santimita 15 ta kowane gefe. In aka tuna da shi bayan an yi rufi, sai an fasa daɓe an yanke katakon rufi, kuɗi ya ƙaru, aikin kuma ba ya yin kyau.

Iri biyu ne a gabanka. Akwai buɗaɗɗen murhu da ake ginawa a jikin bango, irin na tsofaffin gidajen Turawa a Jos. Yana da kyan gani, amma yawancin zafinsa bututu yake bi ya fice, abin da ke zama a ɗaki bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Akwai kuma rufaffen murhu na ƙarfe mai ƙofar gilashi, wanda mai kyansa yake ba da kashi 70 ko fiye. Idan ɗumi kake nema da rage cin itace, rufaffen ne shawararmu, kuma ya fi aminci a gidan da ke da ƙananan yara.

Kada a sayi wanda ya fi ƙarfin ɗakin. Ga lissafi mai sauƙi: auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin da mita, ka ninka su, ka raba da 14, abin da ya fito shi ne ƙarfin zafin murhun da kake buƙata a ma'aunin kilowat. Falo mai mita 5 da 4, tsayi mita 3, ya ba da 60, wato kilowat 4 da ɗan ɗoriya. In ka ɗauko mai kilowat 10, ɗakin zai yi zafin da ba a iya zama, sai ka riƙa toshe masa iska. Wutar da aka danne haka cin kanta take yi a hankali, gilashi ya yi baƙi, kunkunniya ta taru a bututu.

Bututun hayaƙi shi ne inda aiki ya fi lalacewa, don haka a nan ya kamata a tsaya a kan magini. A buɗaɗɗen murhu, girman ramin bututu, wato tsawonsa a ninka da faɗinsa, kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na girman bakin murhun. Bakin da yake da santimita 90 a kwance da 75 a tsaye yana buƙatar rami mai kimanin santimita 26 da 26. In ramin ya yi ƙanƙanta, hayaƙi zai dawo falo, za ka ga saman bakin murhun ya yi baƙi cikin mako guda. Rufaffen murhu kuwa galibi bututu mai faɗin santimita 15 ya ishe shi, amma a bi abin da kamfanin ya rubuta. Tsawon bututu daga murhu zuwa sama ya kai mita huɗu da rabi. Ya ɗara inda ya huda rufi da santimita 90, ya kuma ɗara da santimita 60 a kan duk abin da ke kusa da shi cikin tazarar mita 3, in ba haka ba iskar hunturu za ta riƙa tura hayaƙi ƙasa. A miƙe ya fi jan hayaƙi. Kowace kwana da aka ƙara rage masa ƙarfi take yi. In da hali a bi da shi ta cikin gida, domin bututun da ke jikin bangon waje saurin hucewa yake yi.

Cikin murhun ba a gina shi da bulon siminti. Zafi yana tsattsaga shi. Bulo mai jure wuta ake sawa, da irin kwaɓinsa na musamman. A bar tazarar santimita 5 ko fiye tsakanin jikin bututun bulo da katakon rufi, silin roba kuma kada ya matso kusa ko kaɗan. Inda bututu ya ratsa kwano a naɗe shi da ƙarfe a liƙe da kyau, nan ne yoyo yake farawa da damina. A kansa a sa hula mai raga saboda ruwan sama da tsuntsaye da jemagu.

A gaban murhu a shimfiɗa dutse ko tayil, santimita 50 gaba, 30 kowane gefe. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda kafet.

Sabbin gidaje masu tagogin gilashi ba sa shigar da iska kamar na da, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. A bar ƙaramar kafa daga waje kusa da murhun. A kuma rataye na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru, domin ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci.

Itace ya zama busasshe, danshinsa ƙasa da kashi 20. Ka gwara guda biyu: busasshe ƙara yake yi ras, ɗanye kuwa dum. Itacen turare, wato eucalyptus, da ya wadata a Jos da Mambila yana ci da kyau, amma sai an faskara shi da wuri an bar shi ya bushe sosai. Kada a ƙona katako mai fenti ko leda. Bayan an gama gini a jira makonni uku zuwa huɗu kwaɓi ya bushe, a fara da ƙaramar wuta na 'yan kwanaki, sannan a share bututun sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo.